Zuwa gandayen dajin ƙasa ba tare da motar kai ba a yankin Bagudo da iyakar Benin

Zuwa gandun daji ba tare da motar kai ba shi ne amfani da motar haya, babur, kwale-kwale, motar shata ko ƙafa domin isa wani gandun dajin ƙasa da kuma zagayawa a cikinsa. A yankin Bagudo da ke Jihar Kebbi, inda Najeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin da Jamhuriyar Nijar, gandaye biyu ne suka fi kusa: Gandun W, wanda ƙasashen Benin da Nijar da Burkina Faso suka raba a tsakaninsu, da Gandun Tafkin Kainji da ke jihohin Neja da Kwara. Jihar Kebbi ba ta da gandun dajin ƙasa nata, kuma ba ta samu ko ɗaya ba cikin sababbin gandaye goma da gwamnatin tarayya ta amince da kafawa a shekarar 2020.

Mafi yawan mutanen yankin ba su da mota, amma wannan bai hana su tafiya ba. Sufurin haya yana da yawa, sai dai kasuwanni da mashigai yake bi, ba gandaye ba. Saboda haka kai wa garin da ke bakin gandu abu ne mai sauƙi. Wahalar tana farawa ne daga ƙofa, domin an tsara cikin gandayen ne don baƙo mai zuwa da motarsa. Tun daga shekarar 2019 kuma matsalar tsaro da rufe iyakoki sun ƙaru a kan wannan tsohuwar matsala, har ta kai yawon buɗe ido ya tsaya a mafi yawan wuraren da wannan maƙala ta ambata.

Yankin da gandayensa

Bagudo ƙaramar hukuma ce a masarautar Gwandu. Kogin Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, ya ratsa ta ya raba ta biyu. Garin Bagudo yana gabashin kogin, su kuwa Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya suna ƙetare, ta ɓangaren da ke fuskantar Benin. Gadar Tuga ce ta haɗa ɓangarorin biyu. Illo tsohon gari ne na ƙasar Bargu, kuma yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a ranar 14 ga Yuni, 1898 ce ta raba Bargu gida biyu: Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, Nikki ta faɗa hannun Faransa. Wannan shi ne asalin iyakar da ake tsallakawa yau a Lolo da Tsamiya, kuma shi ya sa dangi ɗaya suke zaune a ƙasashe biyu.

Gandun W ya samo sunansa ne daga wani wuri a arewacinsa inda Kogin Neja ya yi lanƙwasa mai kama da harafin W. Faransawa ne suka ayyana shi a matsayin gandun ƙasa a ranar 4 ga Agusta, 1954, bayan sun tashi ƙauyukan da ke ciki. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000, kuma Benin ce ke da kaso mafi girma, kusan rabi. Hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren tarihi na duniya a 1996, sannan a 2017 aka faɗaɗa matsayin ya haɗa da gandun Arli na Burkina Faso da na Pendjari na Benin. A wannan haɗaɗɗen daji ne ake samun garken giwaye mafi girma da ya rage a Afirka ta Yamma. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma kusan 400 ne kawai, kuma kimanin kashi 90 cikin ɗari suna cikin wannan daji. Akwai kuma ɓauna, gwanki, kanki, mariya, mugun dawa, dorina da kada.

Gandun Tafkin Kainji shi ne gandun ƙasa na farko a Najeriya. An kafa shi a 1979 ta hanyar haɗe gandun namun dajin Bargu da na Zugurma, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 5,340. Ɓangarorin biyu ba su haɗe da juna ba; tafkin da madatsar ruwan Kainji ta samar a 1968 yana tsakaninsu. Ɓangaren Bargu, wanda ya fi girma, ya miƙe zuwa yamma har kusa da iyakar Benin. Hedikwatar gandun tana New Bussa, garin da aka gina wa mutanen tsohuwar Busa bayan ruwa ya cinye garinsu.

Daga tasha zuwa bakin gandu

Babu layin dogo a Jihar Kebbi. A Benin ma layin dogon da ya taso daga Kwatano a Paraku ya tsaya, nesa ƙwarai da gandun. Don haka tafiyar duka ta mota ce da babur da jirgin ruwa.

Tsarin tasha iri ɗaya ne a ɓangarorin iyakar biyu. Mota ba ta da lokacin tashi, sai ta cika. Ɗan kamasho ne ke tara fasinja, kuma a ranar da babu kasuwa a kan hanyar ana iya shafe sa'o'i ana jiran mutum biyu. Wanda yake sauri yakan biya kuɗin kujerun da suka rage, ko ya ɗauki shatar motar baki ɗaya. Wannan ya sa matafiyi mai lura yakan daidaita tafiyarsa da ranakun kasuwa, domin a ranar ce motoci da akori-kura suke shiga har ƙauyukan da a sauran ranaku sai babur.

Daga Bagudo zuwa ɓangaren Benin na Gandun W akwai hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta Lolo: a haye gadar Tuga zuwa Ka'oje, a bi ta Illo zuwa Lolo, a tsallaka iyaka a bi ta Madekali zuwa Malanville. Malanville tana bakin Kogin Neja, tana fuskantar garin Gaya na Nijar, kuma kasuwarta na cikin mafi girma a Benin, don haka ba a rasa abin hawa zuwa can. Daga Malanville babbar hanyar kwalta da ta nufi Kwatano tana gangarawa kudu zuwa Kandi, tafiyar kimanin kilomita 100. Wata hanyar kuma tana bin gefen kogi zuwa Karimama, wadda ke kusa da ƙofar Kofuno ta arewa maso gabashin gandun. Hanya ta biyu ita ce ta Tsamiya, wadda ke shiga Benin ta Segbana ta ɓulle Kandi. Daga Kandi ana iya wucewa yamma zuwa Banikoara, inda ake shiga gandun ta Sampeto a nufi magangarar ruwan Kudu da ke kan Kogin Mekru.

A cikin ƙofofin gandun duka, ta Alfakoara ce ta fi dacewa da marar mota. Ƙauyen yana kan babbar hanyar Kandi zuwa Malanville, wato duk motar hayar da ke bin hanyar tana iya sauke fasinja a can. Kusa da ofishin ma'aikatan gandun akwai tafki da giwaye suka saba zuwa shan ruwa da rani, aka kuma gina wani dandamali mai tsawo inda mutane ke hawa su kalle su. A shekarun da ake zaman lafiya, wannan ne kusan wuri ɗaya tilo a yankin da ɗalibi ko ɗan kasuwa zai iya sauka daga motar haya, ya taka da ƙafarsa, ya ga giwa ba tare da ya yi shatar mota ba. Abin lura shi ne ba wani tsari na sufuri ne ya kawo hakan ba. Hanya ce kawai ta dace da mashayar giwaye.

Ɓangaren Nijar ya fi nisa ga mutumin Bagudo, ko da yake a taswira yana kusa. Babbar ƙofarsa tana La Tapoa, kimanin kilomita 150 kudu da Yamai, ta hanyar Say da Tamu. Wanda ya taso daga Kebbi sai ya bi ta Kamba ko Gaya zuwa Dosso, ya haura Yamai, sannan ya sake gangarowa kudu. Motocin haya suna kai wa Tamu, daga nan kuwa sai shata.

Kainji ma sai an yi zagaye. Hanyar mota ita ce a fita Koko a hau babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Jega da Yawuri da Kwantagora, sannan a nufi New Bussa. Masu son yanke hanya sukan sauka a Yawuri su yi fito daga Zamare zuwa Rofiya a ƙaramar hukumar Agwara, su ci gaba da mota ko babur ta ƙasar Bargu. Hanyar da ta taso daga Mokwa zuwa New Bussa tana bi ta Ibbi, inda ƙofar ɓangaren Zugurma take. Ɓangaren Bargu kuwa ta Wawa ake shigarsa, kuma sansanin baƙi da ke bakin Kogin Oli yana can cikin daji, nesa da inda motar haya ke tsayawa.

Babur ne ke cike gurbin da mota ta bari. A Kano da Zariya ana ce masa acaba, a Sakkwato da Kebbi da Nijar an fi cewa kabu-kabu, alhali a Legas kalmar kabu-kabu tana nufin motar gida da ake haya da ita ba tare da fentin tasi ba. A Benin sunansa zemijan, daga harshen Fon, ma'anarsa kuwa a ɗauke ni da sauri. Babur yana kai mutum har ƙofar gandu ko da damina, amma a ƙofar aikinsa yake ƙarewa.

Hanyar ruwa

Kafin zuwan mota, kogi ne babbar hanyar yankin, kuma har yanzu kwale-kwale da manyan jiragen katako masu inji suna ɗaukar mutane da kaya tsakanin Gaya, Malanville, Lolo, Tuga da Yawuri. Sana'ar fito da su tsohuwa ce a hannun Sarkawa da sauran mazauna bakin kogi, kuma a mashigai da yawa sarkin ruwa ne ke lura da ita.

Kogin Neja yana cika sau biyu a wannan yanki. Cikar farko ta ruwan damina ce, wajen Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu ruwan da ya sauka ne a tsaunukan Gini, wanda ke daɗewa a fadamun Mali kafin ya iso, don haka sai cikin hunturu yake zuwa, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Wannan cika ta biyu ta dace da lokacin da aka saba buɗe Gandun W, shi ya sa a ɓangaren Nijar aka riƙa kai baƙi ta jirgin ruwa. Kogin ne iyakar gandun ta gabas, kuma a ƙauyukan bakin ruwa irin su Karey Kopto da Bumba an gina ƙananan masaukai a zamanin shirin ECOPAS, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa daga 2001. Daga cikin jirgi ana ganin dorina da tsuntsayen ruwa da dabbobin da suka sauko sha, ba tare da an shiga mota ko sau ɗaya ba. Iyakar Benin da Nijar a cikin ruwan ta daɗe ana jayayya a kanta, sai a ranar 12 ga Yuli, 2005 Kotun Duniya ta yanke hukunci, ta ba Nijar tsibirin Lete, ta kuma ce iyakar da ke Kogin Mekru tsakiyar ruwa take bi.

Hanyar ruwa tana da araha, amma tana cin rayuka. A ranar 26 ga Mayu, 2021 wani jirgi da ya taso daga ƙasar Bargu ta Jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse ɗauke da mutane fiye da 150, kuma kaɗan ne aka ceto. Yawan lodi, tsufan jirage, kututturan itatuwa da ke ƙarƙashin ruwan tafkin, da tafiyar dare su ne dalilan da aka fi ambata a irin waɗannan haɗura. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa, sai dai a ƙananan mashigai ba kowa ke bin dokar ba.

Cikin gandu

A Gandun W da na Kainji ƙa'idar ita ce baƙo ya biya kuɗin shiga, ya ɗauki ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun ko daga masu jagorar da aka yi wa rajista, ya kuma kasance cikin mota. Ba a barin mutum ya kutsa shi kaɗai da ƙafa, saboda zaki da ɓauna da giwa, da kuma saboda a bambanta baƙo da mafarauci. Hanyoyin ciki burji ne da turɓaya, ruwa yana yanke su da damina, ciyawa kuma tana rufe ido har sai an yi ƙunar daji a farkon rani. Wannan ya sa lokacin ziyara yake faɗowa tsakanin Disamba da Mayu. A ƙarshen rani zafi ya fi tsanani, amma a lokacin ne aka fi ganin dabbobi, domin ruwa ya janye sun taru a ƴan tafkunan da suka rage.

Babu motar haya mai zagaye a cikin waɗannan gandaye. Marar mota yana da zaɓi uku. Zai iya yin shatar jif, wato motar da ƙafafunta huɗu ke ja, tare da direbanta, daga Kandi ko Yamai ko New Bussa, ya biya kuɗin yini da kuɗin mai. Zai iya neman motar hukumar gandun idan akwai kuma tana da lafiya. Ko kuma ya shiga ayari. Shata ita ce ta fi tabbas, ita ce kuma ta fi tsada, domin kuɗin mota ɗaya ne ko mutum ɗaya ne a ciki ko shida. Ma'aikacin wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ya zo hutun ƙarshen mako daga Yamai ba ya jin nauyin wannan kuɗi. Malamin firamare daga Illo kuwa ba zai ma fara lissafin ba.

Saboda haka ayari ne hanyar da ƴan ƙasa suka fi shiga gandayen. A Najeriya yawancinsu ɗalibai ne na sakandare da na manyan makarantu, waɗanda ake haɗa musu bas ɗaya su je yawon ƙaro ilimi, sau da yawa a haɗa ziyarar gandun da ta madatsar ruwan Kainji. Kasancewar Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji a New Bussa ya ƙara yawan irin waɗannan baƙi. Amma bas ba ta iya bin kowace hanya ta cikin daji, kuma ayarin da ya iso da tsakar rana ya riga ya makara, tun da dabbobi da sassafe da yamma suke fitowa.

Masu ratsa daji da ƙafa

Idan aka ƙirga duk masu shiga gandayen nan ba da mota ba, masu yawon buɗe ido su ne mafi ƙanƙanta a cikinsu. Makiyaya sun daɗe suna gangarowa da shanu daga Nijar da arewacin Najeriya zuwa Benin da rani, su koma da damina, kuma wasu burtalolinsu sun girmi gandun da kansa. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar da ta halatta wannan kai-komo bisa sharaɗin riƙe takardar shaidar kiwo ta ƙasa da ƙasa da bin burtalolin da aka shata. Kiwo a cikin gandu haramun ne, amma inda gonakin auduga suka cinye burtali a kewayen Banikoara da Kandi, dajin ne kaɗai wurin da ciyawa da ruwa suka rage, kuma daga nan rikici da masu gadin daji yake tasowa. A ƙarshen 2019 gwamnatin Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare.

Ban da makiyaya akwai masunta, masu ɗiban zuma da itace da ciyawar jinka, mafarauta, da masu fasa-ƙwaurin man fetur a kan babura. Waɗannan ne suka san turbobin dajin da mashayansa fiye da kowa. A Benin an yi ƙoƙarin jawo mazauna kewaye cikin harkar ta hanyar ƙungiyoyin ƙauyuka da ake kira AVIGREF, waɗanda ke samun kaso daga kuɗin shiga, suna kuma ba da masu jagora da masu bin sawu.

Takardu, kuɗi da harshe

Bisa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan Najeriya yana iya shiga Benin ba biza ya zauna har kwana 90, muddin yana da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar da katin rigakafin shawara. Mazauna bakin iyaka sukan tsallaka zuwa kasuwa ko gona ba wanda ya tambaye su komai, amma wanda zai wuce zuwa Kandi ko ƙofar gandu zai haɗu da shingayen jami'an tsaro, kuma a can ana neman takarda. Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025.

Benin da Nijar suna amfani da kuɗin sefa, wanda ke ɗaure da yuro, ita kuwa naira ta faɗi ƙwarai bayan an sake ta a watan Yunin 2023. Wannan, tare da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na shekarar, ya ninka kuɗin mota da na shata ga mai riƙe da naira. Akwai kuma wani tarko na lissafi da ke kama baƙo. A Hausar ƙetare ba a ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala ake ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. Idan ɗan kabu-kabu ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Jaka ɗaya kuwa sefa 1,000 ce. Haka tsarin yake a Dandanci da Zabarmanci, kowane da kalmarsa.

Hausa tana kai matafiyi nesa a tashoshi da kasuwanni, amma ba ita ce ta fi rinjaye a ƙetaren iyaka ba. A Malanville da Karimama da Kandi Dandanci ne harshen kasuwa, wanda dangin Zabarmanci ne. A Segbana ana jin Boko, ɗan'uwan Busanci da Kyanganci da ake yi a kewayen Illo, dukkansu daga dangin harsunan Mande. A Banikoara Barganci ne, a kewayen Alfakoara akwai masu harshen Mokole mai dangantaka da Yarbanci, Fulatanci kuwa ko'ina ana jin sa. Takardu da allunan gandun da Faransanci suke. A tasha an fi ganewa idan aka ambaci sunan ƙauyen da za a sauka maimakon sunan gandun.

Yadda ake yi a wasu wurare

Matsalar tazarar da ke tsakanin tasha da cikin gandu ba ta wannan yanki ba ce kaɗai. A Yankari ta Jihar Bauci motar haya tana sauke fasinja ne a Dindima, a kan hanyar Bauci zuwa Gombe, daga nan sai ya nemi abin da zai kai shi ƙofa da sansanin Wikki. Bambancin shi ne a Wikki hukumar gandun tana da motocinta masu buɗaɗɗen baya da ke fita da baƙi kallon dabbobi. A gandun Mole na arewacin Gana ana yin zagaye da ƙafa tare da ma'aikaci mai bindiga, abin da ya sa ya zama wurin da masu ƙaramin ƙarfi ke iya zuwa.

A Amurka da Turai dalilin ya sha bamban: motoci ne suka yi yawa har aka taƙaita su. A gandun Denali na Alaska an fara jigilar baƙi da bas a 1972, kuma motocin gida ba sa wuce mil 15 na farkon hanyar. Gandun Zion ya fara irin wannan tsari a shekarar 2000. Gandun ƙasar Suwizalan, wanda aka kafa a 1914, ana isa gare shi da jirgin ƙasa da bas ɗin gidan waya, cikinsa kuwa da ƙafa ake bi a kan turbobin da aka shata. Irin wannan jigila tana tsayuwa ne inda baƙi suka kai dubbai a rana. A W da Kainji ba a taɓa samun wannan yawa ba, kuma da wuya a ce rashin motar jigilar ba ya cikin abin da ya hana a samu.

Tsaro da rufe iyakoki

A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a watan Nuwamba kuma ta hana kai man fetur gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 daga iyaka, dokar da ta shafi garuruwa irin su Lolo da Tsamiya kai tsaye. An fara buɗe wasu iyakokin a Disamban 2020, ta Kamba kuwa sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023 aka sake rufe iyakokin da ke kewaye da ƙasar. Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, amma Nijar ta ci gaba da toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, lamarin da ya mayar da fasinjoji da kaya kan kwale-kwale.

A cikin dazuzzukan abin ya fi haka muni. A watan Mayun 2019 an sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a Pendjari, aka kashe mai yi musu jagora. A Agustan 2020 an kashe mutum takwas a yankin raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai. Ƙungiyar African Parks, wadda ta karɓi ragamar Pendjari a 2017, ta karɓi ɓangaren Benin na Gandun W a 2020, kuma a watan Fabrairun 2022 nakiyoyin da aka binne a hanya da kwanton ɓauna suka hallaka mutum tara a cikinsa, yawancinsu ma'aikatan gandun. A ranar 8 ga Janairu, 2025 an kashe sojojin Benin 28 a wurin da iyakokin ƙasashen uku suka haɗu, a ranar 17 ga Afrilu kuma gwamnatin Benin ta yi asarar wasu 54 a hare-haren da aka kai a wannan wuri da kusa da magangarar Kudu. Ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida ce ta ɗauki alhakin hare-haren biyu na 2025. A ɓangaren Najeriya, wani rahoto da cibiyar Clingendael ta ƙasar Holan ta fitar a Yunin 2024 ya ce mayaƙa daga yankin Sahel sun shigo ta Benin sun zauna a dajin Kainji, a Nuwamban shekarar kuma rundunar sojin Najeriya ta yi sanarwa a kan ƙungiyar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi.

Wannan yanayi ya fi shafar marar mota. Mayaƙan da babura suke yawo, don haka hukumomi suka mayar da babur abin zargi. Nijar ta hana hawansa a sassan jihar Tilaberi, wadda ɓangarenta na gandun ke ciki, a farkon 2020. Makiyayi ko masunci da aka gani a daji yana iya faɗawa hannun ƴan bindiga, yana kuma iya faɗawa hannun jami'an tsaro bisa zargin kai musu abinci ko labari. Ya zuwa 2025 ba a kai baƙi cikin Gandun W, kuma ƙasashe da dama suna gargaɗin ƴan ƙasarsu da kada su kusanci yankin. Motocin haya dai suna ci gaba da bin hanyar Malanville zuwa Kandi, suna wucewa ta Alfakoara da lodin albasa da fasinjojin kasuwa.